Ƙasar Ƙofar Tarubala

Ranar da aka fasa ƙirjin Uwa Durga a Kajaldanga, kafin a ɗora ruwan shayin yamma gari ya riga ya yanke hukunci. Ba wanda ya ga komai. Da tsakar rana aka yi abin, lokacin da kowane namiji a garinmu ya cika ciki da shinkafa da kifi ya miƙe yana minshari. Amma da ka ji yadda suke magana a farfajiyar gidan Dutta, sai ka rantse a gaban idonsu aka yi.

Uwa, mutum-mutumin yumɓu da ake ginawa duk shekara don bikinta, tana tsaye a rumfar bauta a kan zakinta, hannuwanta goma a buɗe, 'ya'yanta huɗu a gefenta. Fuskarta ba ido tukuna, don sai gobe da asuba Jadab magini zai zana su. A tsakiyar ƙirjinta akwai rami, girman dunƙulen hannu. Ba a taɓa zakin ba, ba a taɓa 'ya'yan ba. Abu ɗaya aka cire.

Ba a gina jikin Uwa sai da ƙasar ƙofar karuwa, kuma roƙonta ake yi, ba a ɗiba da ƙarfi. Masana sun ce maza kan tuɓe mutuncinsu su ajiye a bakin wannan ƙofa kafin su shiga, don haka babu ƙasar da ta kai ta tsarki. Masanan ba su taɓa faɗin mutuncin su wane ne ya taru a wurin ba. A wasu gidajen cuɗa ta ake yi da yumɓu. A gidan Dutta kuwa, tun zamanin kakanni, ƙulle ta ake yi a jan ƙyalle a sa ta a ƙirji yadda take. Wannan ƙullin ne babu.

Ƙofa ɗaya ce irin wannan a garin, ƙofar Tarubala, a lungun da ke bayan katangar gidan. Ta bar sana'ar shekara goma sha biyar da suka wuce, yanzu soyayyar shinkafa take sayarwa a bakin kogi, amma gari bai bar mata sunan ba.

"Wa zai so wannan ƙasa in ba mai ita ba?" in ji wani a cikin taron.

"A gabana ta faɗa a mashaya," in ji wata. "Ta ce bana sai dai Uwa ta zo ba zuciya."

Amiya Babu, mai gidan, wanda Babu laƙabinsa ne na girma, ya ce ba za a kira 'yan sanda su tattake masa rumfa da takalma ba. Gobe da hantsi dattawa za su zauna. A aske mata kai, a sa ta a kwale-kwale, a rushe ɗakin. Sannan ya aika a kira Haradhan Dolui.

Haru, kamar yadda kowa ke kiransa, shi ne mai gadin gari. Shekara ashirin ya yi yana bin sawun damisa wa ma'aikatan daji a fadamun kudu, har ƙafarsa ta hagu ta lalace ya dawo gida. Ya tsaya a ƙasan matakala, domin ɗan ƙaramin gida irin Dolui ba ya hawa rumfar bauta ko da gobara ake yi.

"Ga sawu nan a laka," in ji Amiya Babu. "Ka bi shi har ƙofarta, ka zo gobe ka faɗa wa dattawa."

"In bi shi inda ya je, Babu, ko in bi shi har ƙofarta?"

"Duk ɗaya ne."

"To, a ce wa mutane su daina yawo a kai. Laka takarda ce, rabin gari ya riga ya sa hannu a kanta."

*

An yi ruwa da safe, farfajiyar gefen rumfa duk laka ce. Ta nan akwai wata ƙaramar ƙofa da ma'aikata ke bi. Daga ita zuwa matakalar gefe layi biyu ne na sawun ƙafa ba takalmi, duk biyun yatsunsu na kallon rumfa. Mutane sun riga sun karanta: mutum biyu sun shiga, ba wanda ya fito, ke nan ta katangar baya suka tsallake, katangar kuwa lungun Tarubala take kallo. Har an fara neman sunan wanda ya taya ta.

Haru ya tsuguna ya daɗe. Ya auna da ɗan kara, ya sake aunawa. Ƙafa ɗaya ce. A layin farko diddige ne ya nutse, kamar na kowane mai tafiya. A na biyu yatsu ne suka fara taɓa ƙasa, takun gajeru ne, kuma suna karkacewa. Mutum ɗaya ne ya shiga, ya yi abin da ya yi, sannan ya fito da baya da baya, har ƙofa, bai yarda ya juya wa Uwa ƙeya ba. A tsakiyar hanya akwai gurbin gwiwa biyu da na goshi. Ya fasa mata ƙirji, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ƙafar doguwa ce, siririya, tsakanin babban yatsa da na kusa da shi akwai tazara mai faɗi. A wajen ƙofa sawun ya hau hanyar bulo ya ɓace.

Ya zagaya bayan katanga. Ƙayar da ke kanta ba ta karye ba, yanar gizo tana nan a kusurwa. Ko kyanwa ba ta bi ta nan ba yau.

Kalipada Thakur, wanda ya shekara talatin yana jan bautar gidan Dutta, yana tsaye a inuwa, zaren wuyansa na masu jan bauta a hannu yana murzawa.

"Ka ga wani abu, Haru?"

"Laka, Thakur-moshai," in ji Haru, da kiran girmamawa.

"Kada ka wahalar da ƙafarka. Abin a fili yake. Mace ce mai ɗaci, Uwa ta yafe mata."

Haru ya sunkuya ya gaishe shi daga nesa, yadda aka koya masa tun yana yaro.

*

Jadab magini yana zaune a bayan rumfa, idanunsa jawur. Shi Haru ya fara zargi. Magini in yumɓu ya tsage masa ana gobe buɗe ido, yana iya fasa wurin ya ce wani ne.

"Jadab-da," in ji Haru, yadda ake kiran yaya, "yumɓun bana ya bushe da kyau?"

"Kai, bar ni da wannan. Na san inda ka dosa. Je ka ƙwanƙwasa ta ka ji. Wata biyu ina shafa ta, matata ma ta ce in kwaso tabarmata in dawo nan."

"Ina kake da tsakar rana?"

"Gidan surukata, ina cin kan kifi. Mutum shida sun ga yadda na ci, har yanzu suna maganar."

Haru ya dubi ƙafafunsa. Gajeru ne masu faɗi kamar faranti.

"Ƙullin fa, wa ya ba ka?"

"Wa ke bayarwa? Thakur-moshai. Ran da aka kafa katakon jiki ya kawo, a ƙulle, na sa da hannuna."

"Ka buɗe?"

"In buɗe in ga me? Ƙasa ce. Ni dai ka gaya musu, ramin zan iya toshe shi a yini ɗaya. Amma ba zan zana ido a kan ƙirjin da ba komai ciki ba. Ubana bai yi ba, ni ma ba zan fara ba."

*

A teburin mai shayi aka ba shi suna na biyu. Nirmal, malamin makaranta, ɗan ƙanen Amiya Babu, wanda ya yi karatu a Kalkata ya dawo yana cewa Uwa kara ce da laka. Yana nan zaune da jarida, yana shan shayi a kofin ƙasa.

"Haru-da, zauna. An ce ni ne na biyun. Ka zo da igiya?"

"Na zo in ga ƙafarka, Malam."

Nirmal ya yi dariya ya zare takalmin robarsa. Doguwa ce, siririya. Kamar ta sawun. Amma yatsun a matse suke, irin na wanda ya girma cikin takalmi sau ciki.

"In da kai ne za ka fasa, ta yaya za ka fito?"

"Ta ƙofa mana. In juya in yi tafiyata, ina fito."

"Ba za ka durƙusa ba?"

"Ga laka? Wandona guda biyu ne a duniya." Ya ajiye jaridar. "Abin da za su yi wa matar nan zalunci ne, Haru-da. Zamanin jahiliyya."

"Za ka faɗi haka gobe a gaban baffanka?"

Nirmal ya ɗauki kofinsa ya duba cikinsa. "Gobe ina da jarrabawar 'yan aji biyar."

Irinsu suna da yawa. Sun san sunan kowane zalunci a littafi, amma ranar da ake yinsa kullum suna da jarrabawa.

*

Rana ta yi sanyi lokacin da ya shiga lungun. An riga an jefi rufin ɗakin, kwano biyu sun lotsa. Tarubala tana zaune a ciki tana tsince shinkafa a faifai, kamar ba abin da ya faru. Ta haura hamsin, gashinta ya yi fari, doguwar kitsonta har kugu. Ita za a aske gobe.

"Taru-di," ya kira ta, kiran yaya mace.

"Ka zo auna kaina ne, ko wanzamin zai zo da kansa?"

"Na zo tambaya."

"Ashe akwai mai tambaya a garin nan. Tsaya daga nan, kada ka ɓata sunanka."

Ya tsaya a waje. "An ce kin ce bana Uwa za ta zo ba zuciya."

"Na faɗa. Zan sake faɗa."

"Kin je kin ɗauko ƙasarki?"

"Wace ƙasa? Haru, sau uku yau na faɗa wa masu jifa, ba wanda ya ɗebi ƙasa a ƙofata bana. Dariya suka yi. Thakur ya ce ya roƙa an ba shi, ni na ce ban bayar ba. Kai a ganinka maganar wa za a ɗauka?"

"Bai zo ba sam?"

Ta ajiye faifan. "Ya zo. Kamar kullum, tun gari bai waye sosai ba, ya rufe kai da mayafi, ya tsaya can yana cewa, 'Ke, ke.' Shekara talatin, bai taɓa kiran sunana ba. Kuma duk shekara, in an buɗe rumfa, ni daga bayan katanga nake jin ganga. Ƙasar ƙofata tana cikin ƙirjinta, ni ba ni da izinin ganin fuskarta. Bara na matsa bakin ƙofar gidan, aka watsa ruwa a inda na tsaya. Sai na ce masa, Thakur-moshai, bana ka dawo da rana, ka kira sunana, ka ce mini zan hau rumfa in gaishe ta kamar kowa. In ba haka ba, babu."

"Me ya ce?"

"Ya ce na manta ko ni wace ce. Na ce ai kai kake tuna mini duk shekara. Ya tafi. Na zaci zai dawo. Da na ji an kafa jiki an rufe ƙirji, na ce to, sun samo wata a wani gari." Muryarta ta sauka. "Ni in fasa ta? Wa nake da shi in ba ita ba? 'Yata da ta rasu, sunan Uwa na sa mata."

Idon Haru yana ƙasa. Bakin ƙofar baƙar ƙasa ce ta kogi, a daddaɓe, a ƙarƙashin inuwar rufi inda rana ba ta kaiwa. Gansakuka ta rufe ta kore shar, daga bango zuwa bango, sai 'yar hanyar da ƙafarta ke bi. A gefen dama akwai wani kwari kamar ƙwarya, inda hannun Thakur ya shekara talatin yana ɗiba. Ya tsuguna ya shafa. Gansakukar cikin kwarin ta yi kauri kamar bargo, har da 'yan ƙananan tsirrai masu ganye uku-uku. Wannan ba tsiron wata biyu ba ne. Tun farkon damina ba farcen da ya taɓa wurin.

"Taru-di, kada ki share nan. Kada ki bar kowa ya taka."

"Wa ke taka ƙofata da rana?" in ji ta.

*

Matarsa ta zuba masa shinkafa ta zauna tana kallonsa.

"Na san wannan fuskar. Da ita ka tafi ranar da damisa ta ci maka ƙafa."

"Ba Tarubala ta yi ba."

"To, sai ka ce sawu ya ɓace a bulo. Ba ƙarya ka yi ba. Thakur-moshai ne ya zaɓa wa 'yarmu ranar aure, Babu ne ke ba ka aikin nan. Mu su wa ne?"

Haru ya ci loma biyu ya ture kwanon. Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya fi ba shi haushi ke nan. In ya yi shiru ba wanda zai zarge shi. A garinmu ba a taɓa korar mutum don ya yi shiru ba.

Da safe ya sayi kifi guda a bakin kogi ya nufi gidan Kalipada Thakur ta ƙofar baya. Thakur ya tafi wanka. Matarsa ta fito ta nuna masa inda zai ajiye kifin a ƙasa.

"Uwa ta saka maka, Haru. Ko zai ci wannan. Mutumin nan wata biyu ke nan yana tsakurar abinci kamar tsuntsu. In ya tashi addu'a sai ya yi ta maimaita wuri ɗaya. Jiya ko barcin rana bai yi ba, ya fita ya bar takalmansa a nan, wai ƙararsu na hana ni barci. Yau ya fara tausayina, bayan shekara arba'in."

Takalman suna bakin ƙofa, na katako, masu ƙulu ɗaya da ake maƙalewa tsakanin babban yatsa da na kusa da shi. Dattawa huɗu ko biyar ne ke sa irinsu a garin, wannan kaɗai ba ya kama kowa. Haru ya kai idonsa tsakar gida. An shimfiɗe ta da garin jan bulo. A tsakiya ga tulsi, ɗaɗɗoyar da kowane gida ke kunna wa fitila da yamma. A gindinta an cike wani ɗan rami, an daddanna da tafin hannu, ƙasar ba ta gama bushewa ba. A bakinsa akwai ɓarɓashin farin yumɓu da wani jan zare.

Thakur bai jefar da ƙasar a kududdufi ba. Ta kwana wata biyu a ƙirjin Uwa, ba zai iya jefarwa ba. Ya mayar da ita inda ya ɗebo.

"Ma-thakrun, a ba ni ɗan wannan zaren? Na ɗaure ƙafa."

"Ɗauki da kanka, amma kada ka taɓa ganyen."

*

Da hantsi farfajiyar Dutta ta cika. Dattawa biyar a kan benci, Amiya Babu a kujera, Kalipada Thakur a kan tabarma a saman matakala. Wanzami yana gefe yana wasa aska a tafin hannunsa. An tsayar da Tarubala can bakin ƙofa, a rana. Nirmal bai zo ba. A cikin mazan da suka fi ɗaga murya akwai aƙalla bakwai da, a zamaninsu, sun san ƙofar nan ba sai an nuna musu ba.

"Haru, faɗi abin da ka gani, a taƙaice," in ji Amiya Babu.

"Mutum ɗaya ne, Babu, ba biyu ba. Ya shiga ta ƙaramar ƙofa, ya fita ta nan. Da baya ya fita, bai juya wa Uwa ƙeya ba, ya kuma durƙusa ya sa goshi a laka. Jadab-da yana gidan surukarsa. Malam Nirmal ba ya durƙusa wa kowa. Ba wanda ya hau katanga."

"Ita ma ai tana iya ja da baya."

"Tana iya. Amma me za ta zo ɗauka? Ba ƙasarta ba ce a ciki."

Surutu ya tashi.

"Thakur-moshai," in ji Haru, ya haɗa hannuwa, "ka yi mini afuwa. Daga wane gefen ƙofarta ka ɗiba bana?"

"Inda na saba. Dama."

"Da hannu?"

"Da me ake ɗiba? Kai yanzu ni kake yi wa tambaya?"

"Ni ba na tambayar mutane, Thakur-moshai, ban isa ba. Ƙasa nake tambaya. Dattawa su taso su gani, taku ɗari ne."

Ba su so ba. Dattijo a lungun nan da rana tsaka, a gaban matansu. Amma mafi tsufansu, wanda ya shekara sittin yana noma, ya ɗauki sandarsa, sauran suka bi. Ya tsuguna a bakin ƙofar Tarubala, ya sa yatsa a kwarin, ya ɗaga gefen gansakukar kaɗan ya ga saiwarta.

"Wannan ta ga damina tun daga farkonta," ya ce. "Ba a taɓa nan ba."

Da suka dawo, Haru ya shimfiɗa ganyen ayaba a ƙasan matakala ya buɗe. Jan zare, ɓarɓashin yumɓu, da 'yar ƙasa mai ja.

"Jadab-da, yumɓun wa ye wannan?"

Jadab ya murza, ya sa a harshe. "Nawa ne. Da ƙaiƙayin shinkafa nake haɗawa, ba mai yin haka sai ni. Zaren kuma na ƙullin ne."

"Ƙasar ƙofar Taru-di baƙa ce. Wannan ja ce. Gida ɗaya ne a garin nan aka shimfiɗe da garin bulo. A gindin tulsinsa na samo. Ramin yana nan, bai bushe ba."

Ba wanda ya dubi Kalipada Thakur, kuma kowa shi yake kallo. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya juya ya dubi fuskar da ba ido.

"Na ce ƙasa ƙasa ce," ya ce a hankali. "Na ce ta gindin tulsi ma ta fi tsarki. Wa zai sani? Ba zan je da rana in kira sunan irin wannan mace ba, ni jikan wanda ya kafa bautar nan. Na kawo, aka rufe. Tun ran nan in na ɗaga kai na dube ta, sai na ga wurin. Na yi ta cewa gobe zan gyara, gobe. Sai jiya na tuna da asuba za a zana mata ido." Ya nuna ramin. "Za ta buɗe ido, ni za ta fara gani, ƙaryata tana cikin ƙirjinta. Ni zan kira ta ta sauko ta shiga wannan jiki. Ban iya ba. Na ce in na cire, dole a sake nema."

"Da aka ce ita ce fa?" in ji tsohon manomin.

Thakur ya sunkuyar da kai.

Haru ya yi niyyar yin shiru daga nan. Aikinsa ya ƙare. Amma ya ga wanzami yana mayar da askarsa cikin kube a hankali, kamar wanda aka fasa wa ciniki, sai abin ya taso masa.

"Thakur-moshai, idon da ba a zana ba ya hana ka barci wata biyu. Ga mace can da idonta biyu, tun jiya tana kallonka ana jifan ɗakinta, ka ci abincin dare."

"Haru, ya isa," in ji Amiya Babu. "Ka san matsayinka."

"Na sani, Babu. Ga ni a ƙasan matakala."

*

Ba a aske wa Kalipada Thakur kai ba. Ba a sa shi a kwale-kwale ba. Dattawa suka ce tsufa ne da ruɗewa, zai yi azumin kwana uku ya ciyar da mutum goma sha biyu, duk masu jan bauta irinsa. Haka shari'a take in mai laifi yana zaune a saman matakala. Ba kuma wanda ya juya ya ce wa Tarubala ta yi haƙuri. Amiya Babu ya ɗaga mata hannu kawai, wato tana iya tafiya.

Sai Jadab ya yi gyaran murya.

"Babu, saura kwana shida a buɗe rumfa. Ƙirjin nan ba komai ciki. Na faɗa jiya, ba zan zana ido a haka ba."

A nan ne suka tuna. Ƙofa ɗaya ce a garin, kuma roƙo ake yi.

Tarubala ba ta motsa daga inda take ba. Ta gyara mayafinta ta jira. Amiya Babu ya dubi Thakur. Thakur ya tashi, ya sauko matakalar ɗaya bayan ɗaya, ba takalmi, ya ratsa farfajiya da rana tsaka a gaban gari duka. Ya tsaya a gabanta ya haɗa tafin hannuwansa kamar mai bara.

"Ke..." ya fara.

Ta dube shi.

"Tarubala. Uwa. Ki ba mu ƙasa."

"Zan bayar," ta ce. "Ba don kai ba. Kuma ba a hannunka ba, hannun nan na ga abin da yake yi da ita."

Ta tafi ta dawo da baƙar ƙasa cike da tafinta, da gansakukar a kai. Ta yage bakin jan zanenta ta ƙulle. Ta nufi matakala. Wata mata ta ja numfashi, wani dattijo ya ce, "Babu, za a bari?" Amiya Babu ya dubi ramin da ke ƙirjin Uwa, ya dubi kwanakin da suka rage masa, ya kau da kai.

Ta hau. Ta tsaya a gaban Uwa ta daɗe tana kallon fuskar da ta shekara talatin tana jin gangarta daga bayan katanga. Ta sa ƙullin a ramin da hannunta, ta danna shi da babban yatsa yadda ake gyara wa jariri riga. Ta faɗi wata magana da ba wanda ya ji.

Da aka watse, wata baiwar gidan ta zo da tulun ruwa za ta wanke inda ta taka. Haru yana tsugune a gindin matakala yana duban lakar. Ya ce ta dakata, bai gama ba.

Layi biyu ne. Ɗaya ya hau, ɗaya ya sauko. A duka biyun diddige ne ya nutse. Tarubala ba ta fito da baya da baya ba. Juyawa ta yi ta sauko kai tsaye, yadda 'ya ke fitowa daga ɗakin uwarta.